Ƙullin da Na Ce Na Kakanka Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Bakur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Yanbu lafiya, Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a kan ruwa. Na ba Ummanka ta cusa ta cikin akwatin kayan kamun kifinka, ƙarƙashin ƙugiyoyi, domin nan ne kaɗai na tabbata ba za ka kwana biyu ba ka buɗe ba. Da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne da ka share ta da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan waya. Hausa kuwa dole ka zauna ka bi ta kana motsa baki, yadda kake yi da saƙon danginmu na Yawuri, kuma haka nake so.

Roƙo ɗaya nake yi maka tun daga nan. Kada ka ƙulla wa kowa zare a jirgin Harun sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. Akwai magana a kan ƙullin da na koya maka, wanda kake haɗa zaren makana, na'urar naɗo zaren nan, da zaren gaba mai riƙe ƙugiya da shi, kuma idan Harun ya riga ni faɗa maka ita, ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba. Zan zo kanta. Ka yi haƙuri in bi ta doguwar hanya, ka san ubanka ba ya shiga magana ta ƙofar gaba.

Abin da kowa a gidan nan ya riga ya gani shi ne ina kishi. Wata guda ke nan ba a jin komai a bakinka sai zancen baffan nan naka, "Ammi Harun ya ce", "jirgin Ammi Harun inji biyu gare shi", "Ammi Harun yana da allon da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa". Ina zaune ina karyawa da ful da tamis, loma tana tsaya mini a wuya. Ummanka ta lura. Ta ce mini, "Abu Bakur, wannan ba kishi ba ne, hassada ce tsagwaronta. Ka nemi tsari." Na ce mata mai hassada so yake abin mutum ya lalace, ni kuwa ban taɓa fatan jirgin Harun ya nutse ba, so nake kawai ya zama nawa. Ta kwashe kwanonin ta ce, "Halas, wannan bayanin ka adana wa mala'iku."

Kai ka san shi dattijo mai farin jirgi. Ni na san shi tun yana siririn bahago a lungunmu na Karantina, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ubansa da kakanka hanya ɗaya suka biyo zuwa Hajji, jirgi ɗaya ya haye da su daga Sudan. Da aka zo ba da takardar zama ɗan ƙasa, uban Harun ya je ya karɓa. Kakanka ya ce shi me zai yi da ita, ai Hajji mai zuwa zai yi ya koma Yawuri. Ya yi ta cewa Hajji mai zuwa har muka kai shi makwancinsa a nan Jidda. Shi ya sa Harun yake da jirgi da sunansa, ni kuma na tsufa da iƙama, takardar zaman baƙo, a aljihu, ina su a jirgin wani, ina jiran kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, ya sa hannu kafin in taka ruwa. Wannan ba laifin Harun ba ne, na sani. Kuma wallahi ba takardar ce ta fi ci mini rai ba, hannunsa ne. Shekaru muka yi a huri ɗaya, ƙaramin kwalekwalen nan na katako, ruwa ɗaya, koto ɗaya, amma kifi sai ya wuce zarena ya je ya gaishe da nasa. Yanzu kuma shi da Allah Ya ba 'ya'ya mata huɗu, ya ɗaga ido ya zaɓi ɗana tilo, ya ce ya zo ya riƙe masa jirgi. Ya kyauta maka. Na yi masa godiya a waya muryata tana rawa, ya ɗauka farin ciki ne.

In ka duba, duk wautar da na tafka a teku tushenta ɗaya ne. Ina su ina kallon Harun maimakon in kalli ruwa.

Kamun kifin da muka saba ni da kai na bakin shi'ibi ne, inda duwatsun ruwa suke kusa, mu yanka sardin mu jefa mu jira kifin sha'ur. Can inda za ku riƙa kai baƙi masu son kamun kifi ruwa ne mai zurfi, shuɗinsa har ya koma baƙi, kuma da koto mai rai ake nema. Mai yi maka aiki a can ƙasa ita ce 'yar baga, ƙaramin kifin nan da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ita za ta yi iyo, ta firgita, ta jawo babban. Saboda haka duk abin da za ka ɗaura mata, ka fara tambayar kanka ko za ta iya ɗaukarsa ta rayu.

Ni ban tambaya ba. Wata rana na shiga kantin kayan su a Bagdadiyya na ce a ba ni ƙugiyar da ta fi kowace girma, ba don komai ba sai don Harun ya gani ya san na fi shi buri. Washegari bayan Asuba muka fita, muka cika bokiti da baga, na zaro abata ina juya ta a rana don ta yi walƙiya. Harun ya dube ta, ya dube ni.

"Ya Ishaƙ, esh hada? Ta kifi ce ko ta rataye rago a mahauta?"

"Babba nake nema, ba irin naka ba."

"Ɗayyib. Bas baga ce za ta fara ɗaukarta, miskina."

Haka kuwa aka yi. Duk wadda na soka sai nauyin ƙarfen ya kifar da kanta, ta yi 'yan mutsu-mutsu ta mutu. Na wuni ina jan gawa a ruwa. Shi da 'yar ƙugiyarsa da ba ta fi gaɓar yatsa ba ya ɗago bayad biyu, kowanne sai da na taya shi ɗagawa, kuma ka san abin da taya shi ɗin ya yi wa zuciyata. Ka auna ƙugiya da kan koton da ke hannunka, Bakur. Faɗin bakinta ya yi daidai da faɗin kan bagar, ƙarfenta siriri amma mai ƙwari. A jirgin Harun za ka ga masu lanƙwasa, waɗanda tsininsu ya koma ciki. Da su ba a fizga. In kifi ya ɗauka, ka bar shi ya juya ya tafi, zaren ya miƙe da kansa, ita za ta nemi gefen bakinsa ta zauna. Na yi shekara ina fizge irin wannan daga bakin kifi saboda ina jin kunyar a ga na tsaya ban yi komai ba.

Sannan hannu. Ni kullum so nake kotona ya riga na Harun shiga ruwa, sai in cafko baga da busasshen hannu, in matse ta kamar ina matse lemun tsami, ɓawon jikinta ya manne mini a tafi, in soka ƙugiya duk inda ta faɗa. Sau da yawa ƙashin bayanta nake samu, ta shiga ruwa a sanƙare. Na riga shi jefawa, ya riga ni kamawa. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa ta. Ka riƙe ta sakwa-sakwa, ka rufe mata ido da yatsa, za ta natsu. Idan jirgi yana tafiya da iska ko ruwa yana ja, ka soka ta hanci, daga wannan kafa zuwa waccan, don ta fuskanci ruwa ta yi numfashi. Idan kun tsaya cik, ka soka ta a baya, gaban ƙayar sama kaɗan, fata da ɗan nama kawai, kada ka nutsa. Wadda ka ga hancinta ya yi ja a cikin tanki, ko tana iyo a karkace, ka sake ta ta tafi, babban kifi ba ya son majinyaci. Kuma kada ka cika tankin don a ce kun tara da yawa. Na taɓa cusa bokitina har ba wurin juyawa don ya fi na Harun, kafin hantsi duk sun juya ciki sama, na koma ina roƙonsa nasa. Ya ba ni bai ce komai ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya na ga kana shirya wayar ƙarfe a akwatinka, nannaɗe guda uku. Na so in yi magana, sai ka ce Ammi Harun ya ce a zo da ita, na haɗiye. To ga tawa, ka haɗa da tasa. Wata shekara kifin ɗirak ya datse mini zare da haƙori a gaban Harun, ya yi dariya har da buga gefen huri. Daga ranar na rantse ba kifin da zai ƙara yanke ni. Na sa waya kamu guda a gaban kowace ƙugiya, kauri kamar ta shanya. Lallai ba a ƙara yanke ni ba, domin ba a ƙara taɓa ni ba. Kifin najil yana da ido, bayad ma haka, ruwan can kuwa garau yake kamar na kwalba. Wata uku ina dawowa gida da warin koto kawai. Ummanka tana amarya a lokacin, har ta tambaye ni ko dai wani wuri nake zuwa ba teku ba. Zaren gaba ya zama farin nailan mai shigen ruwa, gaba biyu ko uku, kaurinsa daidai abin da zai jure gogar dutse, kada ya wuce haka. Waya sai ka ga alamar masu haƙori, ɗirak ko agam, sannan ka sa taƙi ɗaya, siririya, mai duhu. Gara a yanke ka sau biyu a wuni da ka wuni ba a kula ka ba. Kuma bayan kowane kifi ka bi zaren gaban da yatsu biyu, in ka ji kaushi ko kaɗan ka yanke ka sake. Kasala a nan ita ke sa mutum kuka da la'asar.

Buhun da ka tarar a bayan mota, wanda ka ce wa Ummanka, "Baba so yake in gina gida a Yanbu?", na ji ka, ina bayan ƙofa. Duwatsun saukar da koto ne. Mu a huri ba ma ɗaura wa mai rai darma. Dutse muke samu kamar dunƙulen hannu, mu naɗa zare a jikinsa sau uku ko huɗu, mu yi masa zarge. Dutsen ya ja bagar zuwa zurfin da ake so, a fizga sau ɗaya, zargen ya kwance, dutsen ya tafi abinsa, ta rage ita kaɗai tana iyo ba nauyi a wuyanta. A nan ma na yi tawa. Ina zaɓar ƙaton dutse in sake shi ya faɗa da gudu don in riga Harun isa ƙasa. Bagar ta isa a jigace, zaren gaba ya nannaɗe da na sama ya zama igiya. Ka zaɓi dutse gwargwadon jan ruwan ranar, ka sauke shi a hankali, zaren yana bi ta tsakanin yatsunka. Ka sa mudawwar, ɗan ƙarfen nan mai juyawa, don kada zare ya murɗe. Na san a jirginsu darma suke ɗaurawa da roba. In sun yi wa duwatsunka dariya ka bar su, ranar da kifi ya ƙi darma za su zo suna leƙen buhun.

Ka san daga ina na kwaso su? Lokacin da aka rushe Karantina, mutane suna ta fitar da ƙofofi da na'urar sanyaya ɗaki, ni na koma da buhu bayan motocin rusau sun wuce, na cika shi da ɓaraguzan katangar da ta raba gidanmu da na su Harun. Tun da muka dawo wannan bene yana ƙarƙashin gado, Ummanka tana mita. Rabinsu nasa ne in an bi gaskiya, tunda katangar ta mu biyu ce. Kada ka gaya masa sai in ya tambaya.

To, na ƙare kewaye-kewaye. Ga maganar.

Ka tuna bara, ranar da kafilina ya ba mu babban jirginsa muka kai surukansa biyu can waje? Ka sauke baga da dutse yadda na nuna maka, ba a jima ba makana ta fara kuka. Ka daɗe kana fama da shi, gumi yana shiga maka ido, mutanen nan suna ta "yalla ya Bakur, yalla". Har muka ga farinsa yana juyawa a ƙarƙashin jirgi, kifin tuna ne wanda ban taɓa ganin irinsa a zaren wani nawa ba. Sai sandar kamun ta miƙe. Ka naɗo zare babu komai, babu ƙugiya, babu zaren gaba.

Ni na fara kama bakin zaren. Wanda haƙori ya yanke, bakinsa a miƙe yake. Wanda dutse ya goge, kaushi yake yi. Wanda ƙulli ya zame kuwa, nannaɗewa yake kamar gashin da aka kwance daga kitso. Naka a nannaɗe yake. Na juya maka baya, na datse wurin da haƙori, na sa a aljihu. Sannan na juyo na ce maka a gaban mutane, "Ka matse birkin makana da yawa."

Ka ce, "Wallahi ya Baba ban taɓa shi ba."

Na ce, "Ka taɓa, ba ka sani ba."

Muka iso tudu. A mota ka ce mini, "Ma'alesh Baba, na ba ka kunya." Na ce ba komai, kowa yana kuskure. Har da dafa maka kafaɗa. Tun daga ranar ina ganinka kana duba birki sau uku kafin ka jefa, kana sassauta shi har ya yi yawa, kuma duk lokacin da na gani sai in ji kamar in nutse. Birkinka daidai yake a ranar, ɗana. Hannunka ma daidai yake, ya fi nawa. Ƙullin ne ya zame, kuma ƙullin nawa ne.

Na ce maka ƙullin gidanmu ne, kakanka ya zo da shi daga Yawuri, daga bakin Kwara. Ƙarya na yi. Kakanka daga Yawuri yake, amma tela ne, a Hindawiyya ya yi ta ɗinka wa alhazai riguna har idonsa ya mutu. Ruwa kuwa tun amai da ya sha a jirgin da ya kawo su ya rantse ba shi ba teku, ko kifi sai an cire masa kai yake ci. Ƙullin na Harun ne. A wurin wani tsohon nahuda, matuƙin jirgin ruwa ɗan Yaman, ya koya, kuma ban taɓa ganin ya zame masa ba, ko sau ɗaya. Na so ƙullin nan kamar in mutu. Abin da ya rage kawai in ce, "Harun, nuna mini." Kalma uku. Na kasa.

Sai na koma sata da ido. A huri muna zama muna fuskantar juna, shi a gaba ni a wajen inji. Duk lokacin da zai ƙulla sai in yi kamar ina gyara koto, ina leƙe ta ƙasan ido. Na ga yana lanƙwasa zaren gaba ya yi 'yar ƙofa, ya shigar da ɗaya zaren ta ciki, ya naɗa sau goma yana komowa, ya fitar da wutsiyar, ya jiƙa da yawu ya ja. Amma Harun bahago ne, ni kuma ina gabansa, komai a juye nake ganinsa. Na koma gida na mayar da naɗin zuwa hannun dama, ya yi kyau, ya yi kama da nasa sak. Wurin fitar da wutsiyar ne ban taɓa gani sosai ba, domin daidai nan babban yatsansa yake rufewa. Na cika da ka. Ƙullin yana riƙe sha'ur, yana riƙe bayad madaidaici, ka ja shi da hannu a ɗaki ba zai motsa ba. Sai babba ya zo, irin wanda mutum yake samu sau ɗaya a shekaru, sannan ya zame.

Ya zame mini sau huɗu a rayuwata, ina sane da kowanne. Na ɗora wa kifin ƙirsh, na ɗora wa mai kantin Bagdadiyya na ce tsohon nailan ya sayar mini, na ɗora wa rana. Harun ya taɓa ɗaukar zarena bayan ɗaya daga cikinsu, ya juya ƙullin da na sake yi a tafinsa, ya ce, "Wannan wa ya koya maka?"

Na ce, "Na gado ne. Na Babana."

Harun ya san Babana. Babana ne ya ɗinka masa rigar Sallarsa ta farko. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Masha Allah. In kana so, kawo mu duba shi tare, shuwayya bas."

Na fizge zarena na ce ba ya buƙatar dubawa. Bai ƙara tayar da maganar ba har muka rabu, ya sayi jirginsa, na zauna inda nake. Sannan na ɗauki wannan ƙullin, da na san yana da ciwo, na zaunar da kai na koya maka shi, na yi masa rawani da sunan kakanka, don kawai ka sami abu ɗaya a teku da za ka ce na ubanka ne ba na Harun ba. Wannan shi ne abin da Ummanka ta kira da sunansa, kuma ta fi ni gaskiya.

Guntun zaren yana cikin takardar nan, na naɗe shi a ƙyalle. Shekara guda yana aljihun jallabiyata ta Juma'a. Ka buɗe ka gani da idonka, don ka daina zargin hannunka.

Bayan abin da ya faru na zauna na yi ta juya wutsiyar, ta nan, ta can. Ina zaton na gano inda na kauce, ina jin wutsiyar ta kamata ta fita ta gefen da zaren ya shiga, ni kuwa ta ɗaya gefen nake fitar da ita. Amma zato ne, kuma da zato na cuce ka tun farko. Kada ka ɗauki gyarana. Can za ka ƙulla wa mutanen da suka taso daga nesa don kifi ɗaya, kuma sunanka ne zai tafi da zaren in ya zame, a jirgin da aka ba ka amana.

Ga abin da za ka yi. Ranar farko, kafin a kunna inji, ka ɗauki zare biyu ka je wurinsa. Kada ka tsaya a gabansa, nan ne na ɓata. Ka zauna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ta hagunsa, inda za ka ga abin da babban yatsan yake rufewa. Ka ce ya yi a hankali, ya sake, ya kuma sakewa. Ka yi naka a gabansa ya ja ya gani. In ya tambaye ka ina ƙullin kakanka, kada ka kare ni. Ka ce masa, "Ammi, Baba ne ya aiko ni. Ya ce ka nuna mana." Ka faɗa da jam'i haka, zai gane. Zai yi wannan murmushin nasa da na tsana tun muna yara, wataƙila ma idonsa ya kawo ruwa, shi ba ya jin kunyar wannan. Ka bar shi ya yi, ya daɗe yana jira.

Ban ce kishin ya tafi ba, kada ka ɗauka takarda ɗaya ta wanke ni. Gobe in ka kira ka ce Ammi Harun ya ce kaza, loma za ta ƙara tsaya mini. Zan ji zafin cewa a jirginsa za ka kama babban kifinka na farko, shi zai riƙe maka ƙugiyar ɗagowa, shi zai buga maka baya. Amma na fi son ka kama shi a jirgin Harun da ka rasa shi da ƙullina. Ka yi masa biyayya, ka riƙe masa jirgi kamar naka. Duk abin da ka ga yana yi ba ka gane ba, ka buɗe baki ka tambaya a ranar, ko a gaban wa. Idan ka ga wani ya fi ka hannu, ka matsa kusa da shi ka zauna.

Ka yafe mini maganar birki. Ita ta fi damuna a cikin duka, domin na ga yadda ka ɗauke ta ka rungume.

Ka kula da sallarka a kan ruwa, in alƙibla ta rikice maka ka tambayi mai tuƙi. Ka sa rigar iyo ko da sauran suna ganin ragwanta ce. In iska ta juya Harun ya ce a koma, a koma, shi bai taɓa yi wa teku gardama ba, ni ne mai wannan. Ummanka tana gaishe ka, ta ce akwai yaji da kuka a cikin jakar shuɗiya, kada ka bar su a rana. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, Ya kwantar muku da ruwa, Ya kare ka daga sharrin abin da ke cikinsa da na abin da ke cikin zukata, har da ta ubanka. Allah Ya yi maka albarka.

Ranar da babban ya zo kuma ƙullin ya riƙe, ka fara kirana kafin ka ɗauki hoto. Shi yana wurin, ya gani da idonsa, ni waya kawai gare ni. In ka zo hutun Sallah kuma, ka taho da zare biyu. Zan zauna a gefenka, ka nuna mini.

Wassalamu alaikum.

Babanka,
Ishaƙ